Ginshiƙan Gidan Ambo Dalle

Cenning tana tsaye a kan matakala, ruwa na lasar idon sawunta, waya manne a kunne, sai ga jiragen ruwan Alhaji Mappa sun ɓullo daga bayan masallaci. Wayar ƙaninta Sudding ta yi ta ringi can Malesiya inda yake aikin gonar manja, ba a ɗauka ba. Shi ya ce zai turo cikon kuɗin kwance gidansu kafin gari ya waye. Ta kashe wayar, ta soke ta a ƙugu.

Tun makon jiya tafkin Tempe ya cinye hanya, ya cinye gonakin masara, ya shige ƙarƙashin gidaje. Wannan bai dami kowa ba, don saboda shi ake ɗora gida a kan dogayen ginshiƙai. Abin da ya hana mutanen ƙauyen sukuni shi ne kainuwa. Bana ta haɗe ta zama tsibiri guda, ta fi filin kasuwa faɗi, da kaurin da mutum zai taka bai nitse ba, iska kuma tana turo ta sannu a hankali. A ƙauyen da ke gabas da su ta bi ta kan gidaje ta kwantar da su kamar karan dawa.

Mazan da suka rage a ƙauyen sun kafa shingen gora a cikin ruwa, suka ɗaure shi da igiya mai kaurin damtse. Bakin igiyar ɗaya yana jikin mangwaron masallaci. Ɗayan yana jikin ginshiƙai biyu na gaban gidan mahaifinta, Ambo Dalle, don gidan ne na farko ta fuskar tafki, kuma kaf ƙauyen babu katako mai ƙarfinsu.

Alhaji Mappa ya taka matakalar yana tattare zanensa. Gajere ne mai tumbi, da farar hula da zoben azurfa. Shi ke kwance gidaje ya kai su tudu, tun daga garin Sengkang har ƙauyukan bakin ruwa. Leburorinsa suka zauna cikin kwale-kwale suna zuƙar taba.

"Uwar gida, kin ga halin da muka zo?" ya ce. "Mota tana can gada, ba ta iya ƙarasowa. Sai da na yi hayar jirage."

"Sannunku da hanya, Alhaji. Ga kofi can na dafa."

"Kofi zai jira. Maganar farko tukuna. Miliyan biyar da muka yi a waya, na mota ne har ƙofar gida. Yanzu akwai jirage, akwai mai, akwai lodi sau biyu, nan da kuma gada. Yaran nan kuma sun ce ba sa shiga ruwan kainuwa a tsohon farashi. Jiya maciji ya sari ɗayansu."

"Ni ya kusa sara, Alhaji, kai kana cikin mota!" wani dogo ya faɗa daga kwale-kwale. Sauran suka kwashe da dariya.

"Rufe mana baki, Sakka." Alhaji ya juyo gare ta. "Tara. Kuma don ke ce."

Cenning ta lissafa abin da ke hannunta. Biyar ɗin ma ba su cika ba. Abin da ta tara ne daga cinikin busasshen kifi tun rasuwar mijinta Rustam, da ɗan kunnenta da ta sayar.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah."

"Ina ji. Ke kuma ki dubi can."

Ta duba. Da asuba tsibirin kainuwar layi ne kore a ƙarshen ido. Yanzu tana iya ganin fararen balbelu da ke tsaye a kansa, har da furanninsa masu ruwan shuɗi. Ba ya yin ƙara, ba ya tada igiyar ruwa. Zuwa kawai yake yi.

Daga cikin ɗaki muryar tsoho ta fito. "Cenning, su wane ne?"

Ta shiga. Ambo Dalle yana zaune a kujerarsa ta gora kusa da taga, idanunsa da yanar ido ta rufe suna kallon haske.

"Masu ɗaukar gida ne, Baba."

"Na ji muryoyinsu. Ba su da yawa."

"Ba su kai goma ba."

"Su ɗauki gida?"

"Kwance shi za su yi, Baba. Katako-katako. Mu kai filin 'yar'uwarka Inna Sennang a tudu, a sake haɗawa."

Tsohon ya miƙa hannu. Sannan ya shafa bangon da ke gefensa.

"Ranar da muka kawo shi nan, daga sallar Juma'a aka fito. Duk namijin da ke ƙauyen nan ya sa kafaɗa. Da tukwanensa, da kyanwa a ciki, haka ya taho. Uwarki miyar kaza kawai ta yi musu."

"Mazan suna Malesiya yanzu, Baba."

"Na sani. Ɗaya nawa ne."

Da ta fito, ta tarar da Alhaji ya sunkuya a bakin baranda yana ƙwanƙwasa ginshiƙin gaba da zobensa. Ƙarar ta fito kamar ta ƙarfe. Baƙin katako ne da aka kawo daga ƙetaren teku tun tana goye, irin wanda ruwa ba ya ci, gara ba ta ci.

"An daina samun wannan," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. Ya miƙe. "Bari in sauƙaƙa miki. Riƙe kuɗinki gaba ɗaya. Ki ba ni waɗannan biyu na gaba. In kwance gida, in kai tudu, in haɗa miki, in sa miki wasu ginshiƙan a madadinsu. Har buhun shinkafa zan ɗora."

"Igiyar fa?"

"Wace igiya?"

"Wadda hannunka yake kai."

Ya dubi igiyar kamar yanzu ya fara ganinta. "Sai a nema mata wani wuri."

"Babu wani wuri."

"To ai ba ni na ɗaura ta ba, uwar gida. Kuma ba ke za ki kwana nan yau ba."

Ba ta san an ji su ba sai da ta ga Nahariya, maƙwabciyarta ta baya, tana turo ƙaramin kwale-kwale da sanda, jaririya ɗaure a ƙirji. Tare suka tashi, tare suka yi makarantar allo a masallacin nan. Nahariya ta kama matakala tana haki.

"Yaya Cenning, gaskiya ne abin da na ji?"

"Ban ce komai ba tukuna."

"In kika cire su, shingen ya tafi. Gidanmu ne na biye. Kin san ginshiƙanmu, Latang da hannu yake girgiza su." Latang mijinta ne, masunci. "Bayanmu ga gidan Malam, ga na tsohuwa Hawang da ba ta ko iya tashi. Ina za mu?"

"Ni ina zan je da makaho? Kuɗina bai kai ba, Nahariya."

"Ki kwana ɗaya. Ƙila iska ta juya."

"In ba ta juya ba fa? Mu za ta fara ci."

Nahariya ta gyara ɗaurin da ke ƙirjinta. Jaririyar ta fara kuka, ta jijjiga ta, idonta a kan Cenning.

Alhaji ya dubi sama. "Mata, ku yi haƙuri, amma la'asar in ta yi iska ƙaruwa take. Ina da wani gida a ƙauyen Salotengnga da ya biya tun jiya. In ba a shirya ba, mu wuce."

Cenning ta sake ciro wayar ta kira Sudding. Wannan karon ma ba ta shiga ba. Ta tsaya tana kallon ƙarƙashin gida, inda kwale-kwalen marigayi mijinta yake ɗaure, da injinsa a lulluɓe da leda. Da shi take zagaya masunta kowace safiya tana sarin kifi. Ban da shi, ba ta da sana'a.

"Alhaji, ka ga injin can?"

Ya leƙa. Ya sa Sakka ya sauka ya yaye ledar, ya ja igiyar tada injin. Injin ya tashi a ja na farko.

"Ka ɗauke shi da jirgin, ka haɗa da kuɗin da ke hannuna. Ginshiƙan gaba su tsaya inda suke."

"Uwar gida, kin yi tunani? Injin nan shi ne abincinki. Katako kuwa ba a ci."

"Ka karɓa ko ka wuce Salotengnga."

Ya shafa haɓa, ya sake kallon ginshiƙan, kallon mai barin nama a kasuwa don kuɗinsa bai kai ba. "Na karɓa. Amma ba haɗawa. In kai, in sauke. Kafinta naki ne."

Nahariya ta kama hannunta ta ɗora a goshi tana kuka. Cenning ta zare hannun. Ba ta jin za ta iya sauraron godiya.

Aka hau aiki. Kwanon rufi aka fara ɓamɓarewa, rana ta faɗo cikin ɗakin da bai taɓa ganinta ba. Aka fito da katifu, tukwane, keken ɗinki, buhunan busasshen kifi. Leburorin suna aiki suna tsokanar juna, har Sakka ya ɗora murfin tukunya a ka yana cewa shi ma ya yi aikin hajji. Amma kowannensu in ya ɗauko katako sai ya waiga tafki, kuma da rana ta karkata wasan ya mutu.

Kainuwar ta iso shingen ba tare da wata ƙara ba. Ta jingina da shi kawai. Gorar farko ta lanƙwasa. Igiyar da ke kwance cikin ruwa ta taso a hankali, ruwa na ɗiga daga jikinta, ta miƙe sambal. Sai ginshiƙan suka yi wani nishi mai tsawo, wanda Cenning ta ji shi ta tafin ƙafarta kafin ya kai kunnenta.

"Ku yi sauri, 'ya'yan nan!" Alhaji ya daka tsawa daga cikin jirgi. Tuni ya sauka daga gidan.

Garin sauri suka saki kabad ɗin mahaifiyarta, madubinsa ya tarwatse a kan dakali. Ba wanda ya tsaya ba da haƙuri. Wani ya ga maciji yana iyo ta ƙarƙashin matakala, ya yi tsalle ya faɗa jirgi da guduma a hannu. Wari ya taso daga kainuwar, warin ruɓaɓɓen ganye da mataccen kifi.

Ambo Dalle ne ƙarshen abin da aka fitar. Yana zaune a kujerarsa a tsakiyar dakalin da babu bango babu rufi, iska na kaɗa masa riga. Sakka da wani suka ɗaga shi da kujerar gaba ɗaya.

"Ku tsaya," ya ce. "Ku kai ni gaba."

Suka dubi Cenning. Ta gyaɗa kai. Suka kai shi bakin ginshiƙin, ya lalubo shi, ya sauke hannu har kan igiyar. Ya bar tafinsa a kanta yana jin yadda take rawa.

"Wa ya ce a bar su?"

"Ni ce, Baba."

"Da me kika biya?"

"Da jirgin Rustam."

Ya ɗauke hannunsa. "To," kawai ya ce. Aka saukar da shi.

Suka ɓalle sauran katakon dakalin, suka tumɓuke ginshiƙan baya, suka ɗaure su a gefen jirage. Da aka tada injina, babu abin da ya rage a wurin sai baƙaƙen itatuwa biyu tsaye cikin ruwa, sun ɗan karkata, igiya ta shaƙe su, koren tsibiri ya taru a gabansu har ya fi shingen tsayi. Sakka ne ke tuƙa jirgin mijinta a baya, an shaƙe shi da kwanon rufi.

Cenning tana zaune kan buhun kifi kusa da kujerar mahaifinta, Alhaji a gabansu. Sun wuce masallaci ke nan wayarsa ta yi ƙara. Injin yana ruri, don haka da ƙarfi yake magana.

"Wa ke nan? A'a, Latang! Yanzu muka bar ƙofarka, ba ka yi magana ba." Ya saurara. "Gobe da safe? Zai yiwu. Amma farashin yau ba shi ne na gobe ba, ka gani da idonka." Ya sake saurara, ya daɗe. Sai ya ɗan juya mata baya, amma muryarsa ba ta ragu ba. "Ginshiƙan nata, duka biyun, a madadin kuɗi? To ai mai su ta tashi. In ku kuka ce ba kwa buƙatarsu, ni mene ne nawa? Ka dai kwance igiyar da kanka kafin in iso. Ba na son magana da mutanen ƙauye."

Ya mayar da wayar aljihu, ya gyara hularsa, ya ce wa mai tuƙi ya bi ta hagu saboda kututture.

Cenning ta waiga. Latang yana tsaye a ƙarshen barandarsa, ya ba tafki baya, yana tura wayarsa cikin zane. A tagar ɗaki kuma Nahariya ce, ta ɗaga jaririyar sama don a gan ta, tana kaɗa ɗan hannunta, tana kaɗa nata.

"Me Alhaji yake cewa?" Ambo Dalle ya tambaya.

"Aikin gobe ne, Baba."

Nahariya ba ta daina kaɗa hannu ba. Jirgin ya fara shan kwana. Cenning ta ɗaga nata hannun, ta riƙe shi a sama har itatuwa suka shiga tsakaninsu.