Sunanta a Kan Kowane Layi

Injiniya ta danna maɓallin ƙarshe, ta jingina da kujera tana murza wuya. Wata uku ta kwashe tana warware manhajar kamfaninsu na jigilar kaya. Da can fayil ɗaya ne jibgege, layi dubu goma sha ɗaya, aikin mutum shida da duk suka kama gabansu. Komai an cusa a ciki kamar ɗakin shirgi: rajistar direbobi, bin sawun motoci, saƙon da ake tura wa masu kaya. Ka taɓa nan, can ya rushe. Ita kaɗai ta san kansa, shi ya sa rabonta da hutu shekara biyu.

Yanzu ta raba shi gida-gida, kowane aiki da nasa fayil, yadda kowa zai iya riƙe mata. Ba neman suna take ba. Ranar Litinin za a yi wa mahaifiyarta aiki a ƙugu, sati biyu kawai take so ta yi jinya.

Da takardar hutun a hannu ta shiga ofishin Oga. Ta tarar da shi da Dogo, abokin aikinta, sun ƙura wa kwamfuta ido.

"Yawwa, gara da kika zo," in ji Oga. "Saƙo yana zuwa wa mutane sau biyu. Mun duba, layin naki ne."

"Ranka ya daɗe, ɗauko shi kawai na yi daga can zuwa nan. Wannan kuskuren ya girme ni a ofishin nan."

Ya juyo mata da allon. Ta duba. Na'urar tana rubuta sunan wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe, dokar ofis kuma ita ce mai suna shi ke gyara. Tunda ita ta kwashe komai zuwa sababbin fayiloli, sunayen mutum shidan nan sun ɓace. Daga sama har ƙasa sunanta ne.

Dogo ya sosa ƙeya. "Wallahi aiki ya yi kyau, Hajiya, har daɗin karantawa gare shi. Amma kin ga, ni babu sunana ko ɗaya."

Oga ya turo mata takardar da ɗan yatsa. "Akwai ƙorafi goma sha huɗu bayan wannan. Ki share su, sai mu yi maganar hutu."

Ta koma teburinta. Umarni ɗaya a kwamfuta ya isa ya maido da tsohon fayil da tsofaffin sunaye. Ta rubuta shi, ta zauna tana kallo. In ta maido, babu mai iya taɓa shi sai ita. In ta bari, duk gyaran nata ne.

Ta goge umarnin, ta kira yayanta da ke asibiti wurin mahaifiyarsu.

"An sa hannu a takardar hutun?" ya tambaya da sauri.

"Ba a sa ba, Yaya. Ba Umma wayar. Gara ta ji daga bakina."