Littafin da Na Ara wa Maman Itsuki

Maman Itsuki kaɗai na taɓa ara wa manga ɗin nan, littafin labari cikin zane irin na Japan, na soyayyar samari biyu, bangonsa rufe da takardar kantin littattafai. Da ta dawo da shi, cewa ta yi har kuka ya sa ta.

A taron iyaye na makarantar yaranmu aka taɓo zancen irin littattafan. Maman Itsuki ta yamutsa fuska. "Ni dai Allah ya kiyaye! Ku tambayi Maman Koharu, kanti guda ne a gidanta."

Aka kwashe da dariya.

Ranar Asabar 'yata Koharu ta sa takalmi tana jiran ƙawayenta su biyo mata wasa kamar kullum. Ba wadda ta zo. Na durƙusa na kwance mata igiyar takalmin.