Idon Ƙarfe

Ƙarfe ya kai ƙarshen kunya ta uku yana cirar ciyawa sa'ad da matarsa ta iso gona da ruwan sha. Ta ajiye butar, ta riƙe haɓa.

"Maigida, me waken nan ya yi maka?"

Ya ɗago abin da ke hannunsa har kusa da hanci. Wake ne, har da saiwarsa. Ciyawar kuwa tana tsaye abinta, kore shar.

"Ragewa nake yi," in ji shi. "Ya yi cunkoso."

"Kunya uku cur?"

Shekarunsa saba'in da biyu. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Ƙarfe, don buhu biyu yake ɗauka lokaci guda. Bai taɓa kai kansa asibiti ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan labari.

Washegari 'yarsa ta zo da mota.

"Baba, idon Inna ne ke damun ta. Ka raka mu mana, kada a raina mu."

Nan da nan ya canza riga, ya shige gaban mota.

Likitar ido ta duba matar sama-sama, sannan ta juyo gare shi.

"Baba, taimaka mini in gwada allon nan, an ce ya dushe. Me kake gani a kai?"

"Allonki ya mutu, 'yata. Hayaƙi ne kawai."

Ta ɗora masa tabarau na gwaji, tana sauya gilasan ɗaya bayan ɗaya. Can ya ƙura wa allon ido.

"To, yanzu ya gyaru," ya ce ƙasa-ƙasa.

Ya waiwaya zai tsokani matarsa, sai ya tsaya yana kallon ta. Ashe rabonsa da ganin fuskarta sosai an daɗe. Ta rame, idanunta sun zurma, hannun da ta riƙe jaka da shi sai rawa yake yi.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun bara," ta ce. "Kai da ba ka ciwo, ta ina zan fara?"

Ya ce wa likita ta rubuta masa tabarau ɗin, ya kuma tambaye ta ɗakin da ake duba masu rawar hannu. Sannan ya karɓe jakar, ja ce mai furanni, ya maƙale ta a hammata, ya wuce gaba.

"Baba, jakar mata ce fa," in ji 'yarsa.

"Na gani."