Bari In Ajiye Wannan Tukuna

Ni na ba Lamont labarin da ya kai shi kurkuku. A bayan gidan uwarsa na ba shi, wata ranar Lahadi, ina juya haƙarƙari a kan wuta, da kwalbar giya ta huɗu a hannuna.

Lamont ɗan ƙanwata Odessa ne. Tun yana shekara bakwai yake rera waƙa a cocinmu na unguwar Watts, kuma har ya yi gemu ko kaza bai taɓa yankawa ba. Amma a 1990 duk saurayin da ke kudancin Los Angeles so yake a ji tsoronsa. Shi da abokansa biyu, Terrence mai haɗa kiɗa da Booker mai ƙatuwar murya, suka mamaye garejin Odessa, suka raɗa wa kansu suna Masu Ɗaukar Makara. Rap suke yi irin na 'yan daba: harbi, ƙwaya, zagin 'yan sanda. Kaset ɗinsu na farko a but ɗin mota suka yi tallarsa, dala biyar-biyar, aka ƙi saye.

Ranar nan ƙorafi ya zo yi mini.

"Kawu, wai waƙata ba ta ƙarnin jini. Wai ɗan coci ne ya sa baƙar hula."

"To ƙarya suka yi? Kai da in ka ga ɓera kake hayewa kujera."

"Don Allah Kawu ka bari. Shekara ashirin kana bakin titi, ba ka taɓa ganin komai ba?"

Giya ta kwance mini harshe, na gaya masa abin da na ɓoye wa hukuma shekara biyu. Shagon facin taya gare ni. Wata rana da la'asar wani direban bas, Cedric Tull, ya fito daga gidan burodin da ke jikin shagona, rungume da kwalin kek na ranar haihuwar 'yarsa. Wani ya tare shi da bindiga. Cedric bai gudu ba, bai yi magiya ba. Cewa ya yi, "Bari in ajiye wannan tukuna." Ya sunkuya ya ajiye kwalin a hankali bisa dakali, ya miƙe, aka harbe shi sau uku. Ina durƙushe bayan wata mota ina kwance taya, na kuma ga fuskar mai harbin sarai. Da 'yan sanda suka zo na ce ina bayan gida. A unguwarmu haka ake yi.

Sunan mai harbin kaɗai na riƙe. Leɓen Lamont ya kama motsi, yana maimaita maganar Cedric.

* * *

Bayan wata huɗu waƙar ta fito. Bai ce wani ya yi ba, cewa ya yi shi ne. Baitin cewa yake: ni na tare shi, ni na jira ya ajiye kek, ni na ja kunama. Dokar sana'arsu ke nan: abin da ka rera dole a ce da hannunka ka aikata, in ba haka ba a jefe ka da kwalba a kan dandamali.

Gidajen rediyo suka haramta waƙar, sai kowace mota ta ɗauka. Fastoci suka tara kaset a ƙofar coci suka bi ta kai da babbar mota, kamfanin waƙa da ya ɗauki yaran ya mai da hoton abin ya zama tallarsa. Garuruwa uku suka hana su wasa. Cinikin faifan ya haura miliyan. Booker ya sa haƙoran zinariya. Lamont ya saya wa uwarsa sabuwar mota, ta ƙi shiga.

Na gan shi a talabijin, hula a karkace, yana ce wa wata mai tambaya, "Ni ba na ƙirƙira. Kowane baiti a titi na fara rubuta shi kafin takarda."

Da ya zo shago na tare shi.

"Kai shashasha, gawar mutane kake sayarwa?"

"Haba Kawu. Wanda ya mutu ya mutu. Ni na kashe shi?"

"Haka kake gaya wa duniya."

Ya yi dariya, ya cusa mini damin kuɗi a aljihu. Na karɓa. Gara in faɗa da bakina.

Abin da ba mu sani ba, 'yar Cedric, Janelle, tana kujerar bayan motar ubanta a ranar, gilas a sauke. Shekararta shida. Ba ta ga fuska ba, amma ta ji maganar, ta gaya wa uwarta da ɗan sanda guda, kuma babu jaridar da ta taɓa bugawa. Uwar ta kwashe ta suka bar garin. Shekara biyu waƙar na yawo kafin ta iske yarinyar a ƙofar makaranta: kalmomin ubanta na ƙarshe suna tashi daga motar wasu samari, suna gyaɗa kai.

A ganin 'yan sanda, mai harbin kaɗai zai san maganar nan. A filin jirgi aka kama Lamont.

* * *

Lauyansa ya ce mafita ɗaya ce, in tsaya gaban alƙali in ce ni na ba shi labarin, in kuma faɗi wanda na gani. Odessa ta zo har gida ta durƙusa, mace mai ciwon gwiwa.

"Yaya Rayford, suna ɗaya tak. Ɗana ne. Kai ka goya shi a wuya."

Na ce mata zan faɗa. Har raina na yi niyya.

Safiyar ranar da zan ba da shaida, ina buɗe shago wata farar mota ta tsaya. Purvis Gaines ya fito. Ya yi ƙiba tun ranar da na gan shi ya harbe Cedric, ya fara furfura, amma tafiyar tana nan.

"Baba Ray, duba mini tayar gaban nan."

Na duba. "Lafiyarta lau."

"Madalla. Wani abin yana zaune lafiya, sai mai ƙaiƙayin hannu ya taɓa ya fashe." Ya jingina da mota. "Ya 'yan matanka? Na ga ƙaramar ta samu aiki a kantin magani. Ƙarfe shida take tashi ko? Ita kaɗai take takowa."

Na ci gaba da kallon tayar.

"Yaron nan naku ya iya waƙa. Sai ka rantse yana wurin."

Ya ajiye dala ashirin a kan bencina ya tafi.

A kotu sun sa waƙar sau uku, mutanen gari goma sha biyu da aka zaɓa su yanke hukunci suna bin baitocin a takarda. Janelle ta yi magana, muryarta ba ta ko rawa. Suka nuna hirarrakin talabijin ɗaya bayan ɗaya. Lamont ya fashe da kuka, ya ce shi mawaƙi ne kawai, ƙarya yake yi. Lauyan gwamnati ya ce, "Yaushe? Da can ko yanzu?"

Aka kira ni. Na ce ni na ba shi labarin. Lauyan gwamnati ya taso mini.

"A 1988 ka ce kana bayan gida. Yau kuma ka gani. To, wa ka gani?"

Purvis na zaune a bencin ƙarshe, hula a cinya, kamar mai jiran huɗuba. Odessa na bencin farko.

"Ban ga fuska ba."

"Ke nan zai iya zama ɗan ƙanwarka?"

Na kalli ƙasa. "Ban ga fuska ba."

* * *

Shekara ashirin da biyar aka ba Lamont, kafin ma a duba ko zai fita. Ƙungiyar ba ta ƙara wata uku ba. Terrence ya koma yi wa masu biki kiɗa. Booker ya fitar da waƙa shi kaɗai yana zagin Lamont, wai namiji ba ya kuka gaban alƙali.

Bana shekararsa shida a ciki. 'Yata ƙarama ta yi aure, ta haihu, ba abin da ya taɓa ta. Odessa kan hau bas na awa bakwai duk wata ta je ganinsa, kuma in za ta tasha sai ta tsallaka titi don kada ta bi ta gaban shagona.

Ni ba ta yi mini magana, matata take gaya wa labarinsa. Wai a can ciki ya daina musu. Fursunonin da suka yarda shi ya kashe Cedric Tull su ne ke barinsa ya ci abincinsa lafiya. In sabon shiga ya tambaye shi ko waƙar gaskiya ce, sai ya ce eh.