Itacen da Aka Cusa a Bawul

Kun gani. Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ruwa mai suna Bulou Sereana tsakanin birnin Suva da tsibirin Kadavu ya ga tururin da ke fita daga famfon banɗaki, ya janye hannunsa da sauri, ya yi dariya, ya koma kan tabarmarsa. Ku ne kuka kawar da kai, don haka ku za ku saurare ni.

Ina gama makarantar aikin jirgin ruwa aka ɗauke ni mataimakin injiniya a ƙarƙashin Viliame, dattijon da kowa a jirgin ke kira Kawu. Aikin farko da ya ba ni shi ne in canza tamostat ɗin hitar ruwa, wato 'yar na'urar da ke yanke wuta idan ruwa ya yi zafin da ake so. Na ciro tsohuwar na ga robarta ta narke. Na sa sabuwa. Muka je Kadavu muka dawo, ita ma ta narke.

"Kayan yanzu ne, ba ƙarko," in ji Kawu. "Sa wata, Malam Mai Satifiket."

Na sa wata, amma raina bai kwanta ba. Na auna wutar da ke shiga, daidai take. Na duba ko gishirin teku ya ci wayoyi, lafiya lau. Abu ɗaya na lura da shi: a hanyar zuwa ba abin da ke samun na'urar, sai a hanyar dawowa take mutuwa.

A dawowa ta gaba, da rana tsaka ana rabon rogo da kifi, na bar kwanona na sauka bayan kicin inda hitar take. Na tarar da Gwaggo Merewalesi, yayar mahaifin kyaftin ɗinmu, zaune gaban wani ƙaton baho. An jawo tiyo daga hitar zuwa bahon, ruwa na fita da huci yana zuba kan ɗanyen ganyen voivoi da take saƙa tabarma da shi.

"Apenisa, ɗana, matsa kada ka taka min ganye," in ji ta. "In ban dafa shi yau ba, kafin mu isa Suva ya yi baƙi."

Na buɗe murfin hitar. Wani ya ɗaure wayar tagulla ta tsallake tamostat ɗin, wuta na shiga ba mai tsayar da ita. Na ɗaga kai na dubi bawul ɗin da ke sakin tururi idan ya yi yawa. An fere itace an cusa a bakinsa, an buga da guduma. Tankin yana gurnani kamar dabba. Bayan siririn bangon da yake jingine da shi, mata ne kwance da 'ya'yansu.

Ban san lokacin da na ƙwala wa Kawu kira ba. Ya sauko yana suɗe yatsu.

"Kawu, wa ya yi wannan?"

"Rage murya, yaro. Ni ne. Muna isowa nake cire wayar."

"Itacen fa?"

"Ɗiga yake yi yana jiƙa wa mutane kaya. Ga kuka kamar buta."

"Kukan nan shi ne ranmu! In tankin nan ya fashe, har bangon zai tafi da shi!"

Gwaggo ta yi dariya. "Ji min ɗan boko! An koya maka tsoron ruwan zafi a Suva? To shayi fa, hura maka ake yi?"

Kawu ya matso ya yi ƙasa da murya. "Kerekere Gwaggo ta yi mini. Ka san ba a cewa a'a ga kerekere, balle na babba. So kake in kunyata ta?"

Na san kerekere. Da shi aka biya mini jirgi ranar da zan tafi makaranta. Roƙo ne tsakanin dangi wanda ba a mayarwa, kuma ban taɓa raina shi ba. Amma ban taɓa zaton za a roƙi mutum ya toshe bawul ya toshe ba.

Ban kai ga ba shi amsa ba muka ji ihu daga banɗaki. Na finciko makunnin wutar na kashe, na ruga. Wata fasinja, Unaisi, ta buɗe famfo za ta wanke wa 'yarta Salote hannu bayan cin abinci. Tururi ne ya fito, ba ruwa ba. Fatar yarinyar daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ta saɓule. Muka tsoma hannun a ruwan sanyi, tana ihu har muryarta ta dushe.

Abin da ya fi girgiza ni ya zo daga baya. Na ce wa Unaisi ta faɗa wa likita da hukumar tashar jiragen ruwa yadda abin ya faru. Ta dube ni da jajayen idanu.

"Haba ƙanena. Gwaggo 'yar ƙauyenmu ce. Tabarmar aurena ita ta saƙa. Zan ce shayi ne ya zube mata."

Da muka isa Suva, Kyaftin Josaia ya kira ni. Bai tambayi hannun Salote ba. Ya ce na ɗaga wa gwaggonsa murya a gaban mutane, in kwashe kayana. Ina saukowa na ga Kawu ya ɗauko sabuwar tamostat daga kwali. Itacen da na cire daga bawul bayan tankin ya huce, na ajiye a kansa, shi kuma babu shi a wurin.

Ranar Juma'a jirgin zai sake tashi, kuma ganyen Gwaggo na can yana jira a Kadavu. Ku je tashar. Kada ku taka jirgin sai an kai ku bayan kicin kun ga bakin bawul ɗin da idonku. In an ce muku rashin kunya ne, ku yi rashin kunyar.