Ɗaurin Notin Taya

Shekara ashirin da shida maigidana yana jan babbar mota, ban taɓa ganin ya bar wani abu sako-sako ba. In ya rufe murfin kwalba, sai dai in jira ya dawo daga tafiya ya buɗe min. Kan famfon banɗaki ya ɗaure shi har ya tsage. In na yi magana ya ce, "Ke dai, abin da aka ɗaure tam ba ya kashe mutum a hanya."

Minsharinsa kuwa tun ina amarya nake fama da shi. Yara suna masa tsiya wai Baba ya kwanta bai kashe inji ba. Muna ta dariya, ashe ciwo ne. Sai ranar da barci ya sace shi da rana tsaka a kan sitiyari, motar ta gogi ƙarfen gefen titi. Ba wanda ya ji rauni, amma kamfani ya karɓe makulli ya tura shi asibiti. Aka gwada barcinsa, aka ce numfashinsa yana ɗaukewa fiye da sau talatin a awa, don harshensa yana faɗawa baya ya toshe hanyar iska. Kamfani ya ba shi wata biyu, ya kawo takardar sabon gwaji mai kyau ko ya nemi wani aikin. Mutumin da ya haura hamsin, ban da tuƙi bai iya komai ba.

Injin hura iska da aka fara ba shi, cikin barci yake fizge shi ya yar. Shi ya sa aka tura mu wajen likitar haƙori. Ta yi masa wata roba mai hawa biyu, ɗaya ta kama haƙoran sama, ɗaya na ƙasa, da ɗan noti a tsakani. In an juya notin da wani siririn makulli, sai muƙamuƙin ƙasa ya ɗan matso gaba, maƙogwaro ya buɗe.

"Baba, ka ji ni da kyau," ta ce. "Haƙoranka na ƙasa kaɗan suka rage, su za su ɗauki duk nauyin. Juyi ɗaya duk kwana uku. Kada ka ƙara."

"Ranki ya daɗe, ai noti sana'ata ce," ya ce yana dariya.

Sati uku ya bi doka. Kullum da safe kafin ya wanke ido zai tambaye ni, "Na yi minsharin?" Ni kuma da shegen gaskiyata sai in ce, "Ka yi, amma ya ragu." Har gobe ina jin haushin bakina. Da na ce bai yi ba, me zai ci ni?

Wata rana da yamma na same shi a falo, tabarau a hanci, robar a hannu, yana juya makullin yana juyawa.

"Baban yara, ba juyi ɗaya aka ce ba?"

"Yarinyar nan ba ta san aiki ba. Rabin ɗauri shi ke cire taya. Kwana nawa ya rage min?"

Na yi faɗa, na yi magiya, har na ɓoye makullin a cikin gwangwanin allurai. Ya lanƙwasa waya ya yi wani. Ya kai notin ƙarshe.

Minshari ya ɗauke ɗif. Kwana goma gidan shiru, har ni na fara cewa ko shi ne da gaskiya. Ban san yana tashi da muƙamuƙi a sage ba, ban lura ya daina tauna da gaba ba, sai da na ga jini a rigar matashi. Saura kwana huɗu gwaji, ya sa robar a baki, ta ƙi zama.

Muka koma wajen likitar, ta taɓa haƙoran da ƙarfenta ɗaya bayan ɗaya. Daga inda nake zaune ina ganin suna motsi.

"Sau nawa ka juya, Baba?"

Ni na amsa.

"Uku sai an cire su," ta ce a hankali. "Sauran ba za su riƙe roba ba. Dasa wasu kuma aikin wata shida ne, in dasashin ya yarda."

"Ba za a ɗaure su ba? Kwana huɗu kawai, ranki ya daɗe. Daga nan ki cire duka ma."

Ta girgiza kai. Garin gyaran gira ya rasa ido, kuma ya sani. Nan take aka cire ukun. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Muka hau motar haya za mu koma gida, ya zauna a kujerar baya, auduga a baki. Ba a yi nisa ba kansa ya faɗo kafaɗata, minsharin ya dawo, har fasinjoji suna waigowa suna ƙunshe dariya. Can sai ya ɗauke. Ƙirjinsa yana ja, iska ba ta shiga. Na zungure shi da gwiwar hannu.

Ya zabura, ido jawur, ya miƙa hannu biyu gaba, ya taka ƙasan motar da ƙafar dama iya ƙarfinsa yana neman birki.