Kazar Da Ba A Fasawa

Shekara talatin da takwas ina haɗa piñata a kasuwar Atlixco, kuma babu ko guda da ta wuce mako a duniya. In lulluɓe ta da takarda da ƙullun fulawa, in yi mata ado, a cika ta da alewa, yara su rufe ido su lakaɗa mata sanda har ta fashe. Ba na ƙorafi, da wannan na ci na sha. Amma abin ya fara cin raina: in na mutu, ba wani abu na hannuna da za a nuna a ce Herminia ce ta yi.

Shi ya sa 'yata ta kai ni zaman koyon aikin hannu na kwana shida a wani tsohon gidan gona a gindin dutse. Mu goma sha ɗaya ne, yawanci masu furfura. Malama Citlali, wadda na haifi sa'arta, ta baje mana tarkace a tebur: ɓawon masara, tsumma, yashi, kakin zuma, fasassun tangaran. Wai duk a haɗa su wuri ɗaya su zama aiki. A raina na ce yarinya, takarda da ƙullu kam ni zan koya miki.

Kaza na gina, irin jar kazar mahaifiyata. Kafin sauran su gama yanka takarda, tawa kazar tana shan rana. Da na zo liƙa mata tangaran a ciki, sai cikin ya lotsa, yatsana ya shige. Na ɗora laifin a kan fulawarsu. Na yi ta biyu, ita ma haka. Don Fidencio, tsohon direban bas da ke zaune kusa da ni, ya ce ko kazar tawa yunwa take ji. Na ce ya ji da dokin da yake ginawa, wanda ya fi kama da akuya.

Malama ta ɗauki kazar ta ɗaga ta saitin rana, ta daɗe tana kallo.

"Doña Herminia, ko'ina layin takarda shida kika sa, ban da cikinta. Nan biyu ne kawai."

Kunya ta kama ni, don gaskiya ta faɗa. Duk mai piñata na barin wuri mai rauni domin ƙaramin yaro ma ya samu ya fasa. Hannuna ya saba har ba ya neman shawarata.

Ta uku sai Don Fidencio ya ajiye dokinsa ya zama mai gadina. Duk layin da na shimfiɗa ya ƙirga da ƙarfi, in na tsallake ciki ya buga tebur. Malama ta nuna min yadda ake sa ƙyallen buhun gahawa tsakanin takardu, da yadda ake cuɗa garin katako a ƙullu. Wannan kam ban taɓa sani ba, na kuma faɗa mata. Fuka-fukai na yi da ɓawon masara, na bi su da kaki mai zafi, na ƙona yatsa biyu.

Ranar ƙarshe aka jera ayyuka a tsakar gida, ana cin tamale, alalarmu ta masara, ana yaba wa juna. Ni hankalina bai kwanta ba. Na ɗauko sandar tsintsiya, Malama ta dafe kai tana roƙona in bari. Na maka wa kazar a ciki iya ƙarfina. Tangaran ɗaya ya yi tsalle ya faɗa a kofin Don Fidencio, kaza kuwa ko gezau. Kowa ya kwashe da dariya, ni ma ina yi, hawaye na zuba.

A bas direba ya ce in sa ta a sama wurin kaya, na ƙi. A cinyata ta zauna har gida. Da na tura ƙofa sai na tsaya cik. Duk abin da na taɓa yi, fita da shi ake ta wannan ƙofar. Ita ce ta farko da ta shigo.